Agogon Sammani Mai Ruwan Zinare

Sammani mijin yayata Kande ne. Ya haura hamsin bai taɓa ɗaura agogo ba, bai kuma taɓa jin ya rasa komai ba. A ƙauyenmu na ƙasar Ruma inuwa yake dubawa. Akwai wani marke a tsakiyar gonarsa. In inuwar ta tattaru a gindi, ya san rana ta take. In ta miƙe ta taɓa surin da ke gabas da itacen, ya ajiye hauya ya yi alwala. Haka ya gada, haka ya tsufa a kai.

Abu biyu aka san shi da su. In ya sunkuya a kan hauya ba ya ɗagowa sai kunya ta ƙare, in ta ƙare kuma ya juya ya kama ta gaba. Sannan kunnensa na hagu a toshe yake tun baƙon dauron da ya yi yana yaro. Da rani yana saƙar zana. Ba shi da faɗa, ba shi da sauri, kuma in za a sayi abu sai ya juya shi ya sake juyawa har mai kaya ya gaji.

Shekarar da mutanen daji suka hana mu kwana a gida, muka kwaso muka dawo cikin Batsari. Ni na kafa faci a bakin tasha, ina gyaran tayoyin babura. Shi ya gwada ga-ruwa, ya gwada dako, babu wanda ya karɓe shi. Ana cikin haka mai ya yi tsada, tiyar masara ta fi ƙarfin talaka. Da damina ta faɗi ba mu da wata dabara sai komawa gonakin da muka baro.

Ba a zuwa gonakin nan mutum ɗaya. Tare ake tafiya, tare ake dawowa. Mati shi ne shugaban tafiyar, tsohon ɗan tauri ne, ba ya maimaita magana. Da safe mu hau babura uku-uku, mu ajiye su a gindin wata tsamiya tare da 'yan sa-kai biyu, kowa ya nufi gonarsa a ƙasa. Dokokin ba su da yawa. Ba a zuwa da waya, don kada a zargi kowa da zama infoma, mai kai wa mutanen daji labari. Ba a ƙwala kira, ba a fito. Ƙarfe biyu kowa ya kasance a gindin tsamiya, domin da yamma ne mutanen daji suka fi fitowa.

Mati kaɗai ke da agogo, kuma hakan ya ishi kowa. Gonakin suna ganin juna. In ya saɓa hauya, na kusa da shi ya gani ya saɓa, haka har a kai ƙarshe. Gonar Sammani ce kawai ba ta cikin wannan layi. Tana bayan tudu, sai an tsallake ƙorama, daga ita sai daji. Babu wanda yake gani, babu mai ganinsa.

Da farko marke ya riƙe shi. Da marka ta sauka, sama ta rufe, sai ka wuni ba ka ga inuwar kanka ba. Ranar farko da ya makara aka jira shi, ya zo yana murmushi yana cewa ai da saura. Rana ta biyu aka jira har 'yan sa-kai suka fara duban daji suna gyara riƙon bindiga. Da ya iso, Mati bai ɗaga murya ba.

"Sammani, ran mutum ashirin ka ajiye a gindin itace."

"Wallahi na ɗauka ko azahar ba ta yi ba."

"Ka nemi agogo. In ka ƙara, ba ka ƙara bin mu. Gonarka ta zama ta birai."

Duk wanda ke wurin ya san ma'anar wannan. Shuka ta makara a shekarar, maimai bai ƙare ba. Wanda ya rasa tafiyar ya rasa gero, wanda ya rasa gero kuma sai layin rabon tallafi, wanda ake yini a cikinsa a dawo hannu biyu. Na ce wa Mati kafin a sami agogon ni zan riƙa ɗauko shi. Na ɗauka maganar kwana biyu ce.

Kande ta sayar da zakaranta da kaza guda, ta ƙulle kuɗin a bakin zane ta miƙa masa. Ranar kasuwa na rufe faci na raka shi wurin Armaya'u, wani mutumin Safana da ke yawon kasuwanni da akwatin gilashi, yana sayar da agogo da tabarau da turare. Bakinsa ya fi kayansa yawa.

"Alhaji, bismilla, matso ka gani."

Sammani ya waiga hagu da dama. "Wane Alhaji? Rufa mini asiri. Ko Katsina ban cika zuwa ba."

"To, Malam."

"Malam ɗin ma rage murya."

Armaya'u ya fito da wani baƙi na roba, mai lamba. Ya ce yana nuna kwanan wata, yana da fitila, yana tashin mutum da asuba, kuma ko rijiya ka faɗa da shi ba ya shan ruwa. Kusa da mu akwai mai wankin babura. Na ce a jefa shi a bokitinsa mu gani.

"Ka biya tukuna, sai ka jefa abinka," in ji Armaya'u.

Duk da haka na ce wa Sammani ya ɗauka. Baƙi ne, ba ya jan ido, kuɗin sun isa. Ya karɓa ya kawo kusa da fuska.

"Mi ya rubuta nan?"

"Goma sha uku."

"Akwai ƙarfe goma sha uku?"

"Ƙarfe ɗaya ke nan. Lissafin soja ne. Bari in mayar maka."

Armaya'u ya danna nan ya danna can. Lambobin suka fara ƙifta ido, sai abin ya kama kuka kamar ɗan tsako. Ya danna, ya girgiza, ya buga a tafin hannu, bai yi shiru ba sai da ya gaji don kansa. Sammani ya riga ya ja da baya.

"Ranar da muka kwanta cikin dawa, ko tari an hana mutum. Wannan shi zai kira mini su."

"Ana kashe ƙarar."

"Kai da ke sayar da shi ka kasa, ni zan iya?"

A nan ban ga laifinsa ba. Sai idonsa ya sauka a kan wani mai tsinke, farar fuska, jikinsa da sarƙarsa duk ruwan zinare. Ƙarfen gwangwani ne, ba shi da nauyin komai, amma yana ƙyalli har yana kashe ido. Armaya'u ya nuna masa gajeren tsinke da dogo. Sammani ya daɗe yana kallo.

"Wannan na gane shi. Inuwa ce aka rufe a kwalba. Ina ganin inda ta fito, ina ganin inda ta nufa."

"Yaya," na ce, "ka ɗaura wannan a Batsari, kafin magariba an kai labari daji cewa ka sayar da shanu."

"Ina na ga shanu?"

"Su za ka yi wa bayani, a can."

Ya tambayi Armaya'u ko akwai mai tsinke amma baƙi. Ya ce akwai, sai dai ya bar shi a Safana, in Allah ya kai mu kasuwa mai zuwa zai zo da shi. Sammani ya mayar da kuɗin aljihu. Na ce ya sayi ɗaya yau, ko wanne ne. Ya ce ba a sayen abu da gaggawa.

Wannan mako ni na biya shi. Kullum sai in bar gonata tun da sauran lokaci, in hau tudu, in tsallake ƙorama ruwa har gwiwa, in je in dafa kafaɗarsa tunda ba a kira. Kullum sai ya ɗago ya ce, "Har an yi?" Wakena ciyawa ta fara rufe shi.

A gida kuma maganar agogo ta zama ta kowa. Maƙwabcinsu ya ce mai lamba ya fi gaskiya. Wani ya ce batirin mai lamba ba ya daɗewa. Wani ya ce na zamani duk ƙarya ne, ya nemi irin na da, da ake murɗawa da hannu, wanda rabon da a gan shi a kasuwa tun muna yara. Sammani ya saurari kowa da kunnensa ɗaya, ya kwashe duka, ya ƙara rikicewa. Kande ta gaji.

"Malam, zakarana dai ya tafi. Da na bar shi, ko ba komai yana faɗa mana asuba."

Kasuwa ta zagayo, Armaya'u bai zo ba. Direbobi suka ce an tare hanyar Safana da safe, motoci sun juya. Aka ƙara mako. Na fara tunanin in sayo masa mai lamba da kaina in ɗaure masa da ƙarfi, sai dai babu wani mai agogo da na sani, kuma kuɗin suna aljihunsa.

Da Armaya'u ya bayyana a kasuwa ta uku, baƙin mai tsinke ba ya cikin akwati.

"Wallahi wani malamin makaranta ya riga ku. Amma mako mai zuwa…"

"Babu mako mai zuwa," na ce. "Yaya, ga biyu. Ɗauki ɗaya. Daga gobe ba na ƙara tsallake ƙoramar nan."

Ya ɗauki baƙin mai lamba ya ajiye. Ya ɗauki mai zinaren ya ɗora a wuyan hannu, bai ɗaura ba, ya dai ɗora. Ban taɓa ganin wani abu mai kyau a jikin mutumin nan ba, ko hular kirki. Hannu ne baƙi, duk kanta da tabon ƙaya, ga wannan abu yana walƙiya a kai. Ya ƙura masa ido.

"Ya karɓe ka, Alhaji," in ji Armaya'u.

"Na ce ka daina."

Shi ya saya. Armaya'u ya daidaita masa lokaci, ya sa a 'yar leda. Na koya masa abu guda kawai: in gajeren ya wuce ɗaya, dogon ya sauka ƙasa, ya saɓa hauya ya taho. Ya maimaita daidai. Na ce ya ɗaura. Ya ce ba a kasuwa ba, idanu sun yi yawa, ai ni na faɗa masa. Na yarda.

Kwana biyu na farko rana ta fito, ya zo a kan lokaci, har ya riga wasu. Mati ya tambaye shi ina agogon, ya dafa aljihu. Na ɗauka an gama.

Rana ta uku aka tashi da hadari, aka yi yayyafi, sama ta zauna a rufe. Muka taru a gindin tsamiya, aka duba, babu Sammani. Mati ya dube ni. Ban tsaya jin komai ba, na jefar da hauya na kama gudu.

Na same shi a tsakiyar gero, a sunkuye, daga shi sai gajeren wando. Hannunsa babu komai. Rigarsa tana rataye a reshen marke, can nesa da inda yake, kamar yadda kowane manomi ke rataye rigar kirki kafin ya kama aiki. Na lalubi aljihun. Ga agogo a cikin ledarsa, an naɗe da tsumma, yana ta tafiya abinsa. Gajeren tsinke ya kusa uku.

Na dafa shi, na nuna masa.

"Ina ta cewa in na kai ƙarshen kunyar nan zan je in duba," ya ce.

"Me ya hana ka ɗaura?"

"A wannan taɓo? Da gumi? Sabo ne fa."

Ya zura rigarsa, ya mayar da agogon aljihu. Muka nufi ƙorama. Ba mu kai ba na ji ƙarar babura daga wajen daji, ba guda ba, ba biyu ba. Shi bai ji ba. Na fizgo shi muka kwanta cikin gero, fuska a ƙasa. Ƙarar ta matso, ta bi ta bayan tudu, ta yi arewa. Ban san ko su waye ba, ban kuma ɗaga kai don in sani ba. Muna kwance na ga hannunsa a kan aljihu, ya danne agogon kada ya jiƙe.

A gindin tsamiya babur ɗaya ya rage, da Mati a kai. Ya sallami sauran. Muka hau bayansa, ya kawo mu gari. A bakin tasha ya tsaya muka sauka.

"Sammani, mun gama."

"Mati, ka yi haƙuri, gobe in sha Allahu…"

"Ka faɗa sau biyu."

Ya ja babur ya tafi. Sammani ya zauna a kan bencin facina, ya fito da agogon yana goge ledar. Abu ne da ba ya ɗauruwa a gari don tsoron infoma, ba ya ɗauruwa a gona don tsoron taɓo. Kaji biyu sun tafi a kan abin ajiya.

"Ba ni in gani," na ce.

Ya miƙo. Na sa tsinken faci na zare sarƙar daga kunnuwan agogon. Na ɗauko samfefar da nake kankare roba da ita, na bi jikinsa. Ruwan zinaren bai yi gardama ba, shafa biyu ya tashi, farin gwangwani ya fito.

"Salmanu, mi kake yi?"

"Aiki."

Ya kai hannu, na juya masa baya. Na shafe ƙarfen da gam na barbaɗa masa baƙar toka, na bar gilashin kawai. Na yanko robar cikin taya, na zura ta, na kama hannunsa na zagaya, na haɗa bakin da gam kamar yadda nake faci, na danne har ya kama. Ba shi da maɓalli. In ana so a cire sai da wuƙa.

Ya dubi hannunsa. Idonsa ya kawo ruwa, dattijo da jikoki.

"Abu ɗaya mai kyau da na taɓa saya."

"Yana tafiya ko ba ya tafiya?"

"Allah ya isa tsakanina da kai."

"Amin. Tashi mu je wurin Mati."

Bai tashi ba. Ya tsince sarƙar daga ƙasa ya tafi gida. Kande ta aiko a faɗa mini ban kyauta ba, daga baya ta aiko mini da tuwo.

Washegari da safe na gan shi a inda ake hawa babura, hauya a kafaɗa. Bai gaishe ni ba. Mati ya ce masa ya koma, ya koma. Kashegari ya sake zuwa, tun kafin kowa. Aka sake korarsa. Bai roƙi kowa ba, bai yi alkawari ba. Zuwa kawai yake yi ya tsaya, in an tashi ya juya. Ni ma ban sa baki ba, na riga na yi magana sau ɗaya ta jawo mini tsallaken ƙorama.

An fi mako ana haka. Wata safiya Mati ya kama hannun, ya ja robar, ya murɗa, ya ga ba ta fita.

"Wa ya yi maka wannan takunkumi?"

"Wani azzalumi."

"Ƙarfe nawa yanzu?"

Sammani ya duba ya faɗa. Mati ya duba nasa. Ya juya wurin jama'a ya tambaya ko akwai mai magana. Ɗaya daga cikin 'yan sa-kai ya ce in ya sake makara shi dai ba zai jira ba. Mati ya ce ba wanda zai jira. Aka matsa masa a bayan babur.

Bai ƙara makara ba. Agogon yana gaban idonsa duk saran da ya yi. Ruwa ya shiga gilashin tun a makon farko, ya yi hazo, maganar rijiya dai ƙarya ce ko a kan wanne, amma tsinken bai tsaya ba. Sai dai kwanakin da ya yi a gari ba su dawo ba. Gyaɗarsa ciyawa ta cinye, birai suka ƙarasa. Geron ya sami wajen rabin abin da gonar ta saba bayarwa. Bai kai su wata damina ba, ya dai raba su da layin tallafi har tsakiyar rani. Wakena ni ma bai yi abin kirki ba.

Robar ta ci masa fata, na sake masa wata mai faɗi. Ya zo ya miƙo hannu, aka yi, ya tafi bai ce na gode ba. Har yau in mun haɗu a gaban mutane sai ya ɗaga hannun ya ce su dubi abin da ƙanin mata ya yi masa. Armaya'u ya gani ya ce wannan ba kayansa ba ne.

Sarƙar tana cikin wani gwangwanin madara a ɗakin Kande. Ya ce ranar da muka koma Ruma da kwana zai mayar da ita, ya ɗaura ya tafi masallacin Juma'a, duk wanda ya ga dama ya kira shi Alhaji. Kande ta nuna mini ita kwanan baya. Ta fara tsatsa.